An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ciwon Sanyi, Kuɓewa da Sukari

Tun da farko muna neman afuwar iyayenmu mata, domin zancen yau ya shafi abin da ba a saba faɗa a bainar jama'a ba. Sai dai mu da muka durƙusa gaban malamai muka biya Ahalari da Iziyya da Risala, mun san cewa da babin tsarki ake fara karatun fiƙihu, kuma a cikinsa malamanmu na Malikiyya sun kira kowane irin ruwa da ke fita daga jikin namiji da mace da sunansa, ba su ɗauki hakan rashin ta ido ba. An kuma ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu. A kan wannan turba za mu yi magana.

Aikinmu shi ne riƙe alƙalami a zauren dattijon da ke sasanta tsakanin 'yan uwanmu a wannan gari. Bara, bayan an gama yankan masakwa, aka kawo maganar wani aure da ya haura shekara goma. Maigidan ya ce matarsa tana guje wa shimfiɗarsa. Danginsa sun fara raɗa cewa daga waje ta kwaso ciwo. Ita kuwa tana zargin abokiyar zamanta da jifa. Da dattijo ya ga kowa na kewaye-kewaye, sai ya aika aka kira gwaggon matar, ta zauna daga bayan ƙofa ta warware mana zare da abawa.

Shekara biyu ke nan matar tana fama da ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. Ya tafi, ya dawo. A cikin wannan lokaci an hana ta miyar kuɓewa da kuka da lalo, wai yauƙinsu ne ke sauka. An hana ta kindirmo, wai da shi abin ya yi kama. An hana ta ruwan randa, wai sanyi ba ya son sanyi. A maimakon haka aka ɗora ta kan haɗin zuma da dabino da madarar gwangwani, safe da yamma, da sunan gyaran jiki. Duk ranar kasuwa kuma a sayo mata kafso daga mai talla. Gwaggon ta ƙara da cewa yarinyar ta rame, ba ta rabuwa da ƙishirwa, kuma takan fita fitsari sau huɗu ko biyar kafin asuba.

Dattijo ya yi shiru, sannan ya dube mu ya ce, "Malam, ajiye alƙalamin. Ba za mu rubuta komai a kan wannan aure ba sai an kai ta an auna jininta." Aka kai ta Marwa. Gwaji ya nuna ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinta. Aka ba ta maganin ƙaiƙayin na 'yan kwanaki, aka ɗora ta kan na suga, aka gyara mata cima. Yau tana ɗakinta, kuma waɗanda suka yi raɗa sun sunkuyar da kai.

Abin da muka ɗauka daga wannan zama shi ne ra'ayin da muke son karewa a nan. Gaskiya ne abinci yana da hannu a wannan ciwo, amma mun kama zancen a baibai. Muna hana mara lafiya abin da zai gina jikinta, muna ɗura mata abin da ke ciyar da cutar. An bar jaki ana dukan taiki.

Kalmar "sanyi" ita ce tushen ruɗanin. Buhu ce da muke zuba cututtuka iri-iri a cikinta, alhali kowace da sanadinta da maganinta. Wadda muke magana a kanta, likitoci suna kiran ƙwayar da ke kawo ta Kandida. Wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, dangin yis ɗin da ake sa wa kwaɓin burodi da fanke. Tana zaune a baki da hanji da fata da al'aurar mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, ba ta cutar da kowa, saboda akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke taka mata birki, ga kuma garkuwar jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da suka fi tsaga bangon su ne juna biyu, da shan antibiyotik, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da raunin garkuwar jiki, da zama cikin danshi da gumi, irin wanda zafin Maris da Afrilu ke jawo mana a nan. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa mata uku cikin huɗu za su gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Ba a lissafa ta cikin cututtukan da sai ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya kamuwa da ita. Duk wanda ya jefi matarsa da mugun zato saboda wannan ciwo ya ɗauki alhaki a banza.

Alamarta ita ce ƙaiƙayi mai tsanani, da zafi, da farin ruwa mai guda-guda wanda yawanci ba shi da wari. Idan ruwan ya tsinke yana ƙarni kamar na kifi, ko ya zama rawaya ko kore mai kumfa, ko ya zo da ciwon mara da zazzaɓi, to wata cutar ce dabam, kuma a wasunsu dole a yi wa miji da mata magani tare. Ido ba ya iya rarrabewa ko da yaushe. Shi ya sa matakin farko shi ne a je asibitin gunduma a nan Mindif, ko wurin ungozomar da ta yi karatun aikin, a duba.

Mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu sayar da haɗi daɗi ba: babu wani abinci da ke kashe wannan ƙwaya idan ta riga ta yi ƙarfi. Magani ne ke kashe ta, kuma maganin sananne ne, ba shi da tsada. Akwai kilotirimazol, wanda ake sakawa ko a shafa. Akwai fulukonazol, wanda ake haɗiya, sau da yawa ƙwaya ɗaya tak. Mai ciki ba ta haɗiyar wannan na biyun. Ita na sakawa ake ba ta, na kwana bakwai, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Akwai kuma nistatin, da ake ɗiga wa jariri idan farin abu ya lulluɓe masa harshe da dasashi. Wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, su suka gano shi a Amurka a 1950. To ina matsayin abinci? Matsayinsa shi ne gyara bangon da ya tsage, domin a warke da wuri kuma kada ciwon ya riƙa dawowa.

A nan ne sukari ya shigo. Idan sukarin jini ya haura kimanin giram 1.8 a kowace lita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya fara zuba cikin fitsari. Ruwan jiki ya yi zaƙi, ƙwayar ta sami abinci, su kuma dakarun jini da ke yaƙar cuta su yi rauni. Wannan ba sabon ilimi ba ne: Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya siffanta zaƙin fitsarin masu wannan ciwo. Tsofaffinmu ma sun san kiyashi ba ya taruwa a makewayi haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Macen da ƙaiƙayin nan ya dawo mata sau uku ko huɗu a shekara guda, kada ta ƙara sayen wani magani kafin a auna mata sukari. Ana yin gwajin da safe, bayan awa takwas ba a ci komai ba. A takardun asibitocinmu na Kamaru ana rubuta sakamakon da giram a lita, kuma idan ya kai 1,26 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana ya tabbata, to ciwon suga ne. Haka kuma babban mutum, namiji ko mace, da farin abin nan ya fito masa a baki ya ƙi tafiya, ya nemi a auna masa sukari da ƙanjamau, domin duka biyun akwai maganin da ke riƙe su, kuma jinkiri ne ke kisa.

Yanzu mu ƙirga sukarin da muke sha, mu da muke cewa ba mu da abin saye. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, kuma hukumar ta ce rabin haka ya fi. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya tana kai kusan giram 5. Wanda ke jefa uku a kofin shayi, ya sha sau uku a yini, ya kusa cinye kasonsa tun bai taɓa kunu ba. Ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 33 tana ɗauke da kimanin giram 35. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. Ga zoɓo, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, da ba a sayar da shi sai ya yi zaƙi har ya kama maƙogwaro. Ga kunun gyaɗa da na tsamiya, musamman a watan azumi, inda ludayin sukari ke bin ludayi. Kakanninmu ba su san wannan ba. Sai bayan da aka fara sarrafa rake a Mbanjok a shekarun 1960, hanyoyin mota kuma suka buɗe, sukari ya sauko daga abin biki ya zama abin kullum.

Wani zai ce, ai zuma waraka ce, dabino kuma sunna ne. Ba mu musa ba, kuma ba mu isa mu musa ba. Amma kowane magani da ma'auninsa da mai shansa. Kashi huɗu cikin biyar na zuma sukari ne, busasshen dabino kuma kusan kashi biyu cikin uku. Dabino uku a buɗa baki dabam, kofi guda na haɗin zuma da dabino da madara sau biyu a rana dabam. Addinin da ya yabi zuma shi ne ya hana almubazzaranci a ci da sha, ya kuma koyar da a bar wa ciki wurin numfashi. Ga mai ciwon suga, irin wancan haɗi zuba mai ne a wuta.

Wani kuma zai ce, shayi mai zaƙi shi ne ɗan daɗin talaka, kuma da shi muke karrama baƙo. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a daina ba. A rage a hankali: mai jefa uku ya koma biyu, bayan mako biyu ya koma ɗaya. Harshe yana sabawa. A kawo wa baƙo sukarin a gefe ya zuba da hannunsa. Kuma adalci ya sa mu faɗi cewa ga macen da sukarin jininta ke daidai, likitoci ba su tabbatar da cewa barin zaƙi kaɗai zai hana ƙaiƙayin dawowa ba. Sai dai nawa ne a cikinmu suka taɓa aunawa balle su san nasu daidai yake? Ragewar ba ta cutar da kowa, tana kuma kare haƙori da jijiyoyin jini.

To me za a ci? Amsar tana cikin tukunyar da muka gada. Allah Ya ba ƙasar Mindif karal, wato laka mai riƙe ruwa da ake dasa masakwa a kanta bayan damina, a girbe a tsakiyar rani. Tuwon masakwa ko dawa ko gero da ba a surfe shi ya yi fari fat ba yana narkewa a hankali, ba ya harba sukarin jini kamar farin burodi da farar shinkafa. Duk da haka tuwo tuwo ne, mai ciwon suga ya rage malmala ya yawaita miya. Miyar kuɓewa da kuka da lalo, waɗanda aka ɗora wa laifi, suna cikin mafi alheri a gare shi, domin yauƙin nan yana rage saurin shigar sukari cikin jini. Abin da aka haɗiya ciki yake zuwa ya narke, babu wata hanya da yauƙin miya zai bi ya fito ta gaba. Zogale da tafasa da yakuwa da rama, wake da gyaɗa, ƙwai, kifin Maga ɗanye ko busasshe, nama ko hanta idan an samu, duk suna gina jini da garkuwar jiki. Wannan yana da muhimmanci ga mata masu haihuwa a kai a kai, domin ƙarancin jini yana cikin abubuwan da ke buɗe wa ƙwayar ƙofa, musamman a baki. Ruwa kuwa a sha isasshe, na randa ko na tulu, muddin mai tsabta ne. Sanyinsa ba ya kawo ciwon.

Kindirmo ma a mayar wa mara lafiya da abinta. Muna zaune cikin masu shanu, kuma wannan ni'ima ce. Ƙwayoyin da ke sa nono ya yi tsami dangi ne na waɗanda ke tsaron jikin mace. Bincike bai kai ga cewa shan sa yana warkar da ciwon ba, amma abinci ne mai gina jiki, kuma babu hujjar hana shi. Sharaɗi biyu ne: a dafa madarar kafin a kwantar da ita, saboda cututtukan da ake ɗauka daga ɗanyen nono, sannan kada a cika shi da sukari a wurin dama fura. Muna kuma roƙon iyayenmu mata su isar da wannan ga 'ya'yansu: abinci na baki ne. Tafarnuwa, zuma, kindirmo, alif, kanwa, babu wanda aka yi domin a cusa a gaba. Suna ƙona fata mai laushi, suna kashe masu tsaron wurin, ciwon ya ƙaru. Wanke waje da ruwa zalla, da busar da jiki, da sa kamfai na auduga sun wadatar.

Akwai wani ruɗanin da ke shigo mana ta waya. Mu 'yan tsiraru ne a nan. A asibiti ana magana da Faransanci da Fulatanci, takardar magani da Faransanci take zuwa, don haka bayanin lafiya da ke iso wa matanmu da harshen uwa yawanci saƙon murya ne da ake turawa ta WhatsApp daga ƙetaren iyaka, kuma sau da yawa mai maganar yana da abin sayarwa. Wasu daga cikinsu sun kwaso wata tsohuwar da'awa ta ƙasashen Turawa, wadda wani likitan Amurka mai suna William Crook ya yaɗa a littafinsa na 1983, cewa wannan ƙwaya ce sanadin gajiya da ciwon kai da kusan kowace damuwa, kuma sai an bar burodi da hatsi da 'ya'yan itace da nono kafin a rabu da ita. Ƙungiyoyin likitoci ba su karɓi wannan ba, domin ba a kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba. Yis ɗin burodi wani jinsi ne dabam, kuma wutar gashi tana kashe shi. Macen da ke shayarwa a Mindif, idan aka raba ta da hatsi da nono da mangwaro da gwaba, me aka bar mata? Yunwa ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Sai maganar kafson kasuwa, wanda muke haɗiya kamar gyaɗa. Amoksisilin da tetirasikilin da danginsu bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa Kandida. Abin da suke yi shi ne su share masu tsaro su bar wa ɓarawo gida. Matar da ke shan su saboda ƙaiƙayi tana sayen dawowar ciwonta da kuɗinta. Idan likita ne ya rubuta su saboda wata cutar, a sha a gama yadda ya ce, a kuma gaya masa in an saba samun ƙaiƙayi bayansu.

Game da jariri mai farin baki, kada a yaye shi, kada a fasa ba shi nono. A kai shi a duba, a duba kan nonon uwar ma, domin sukan riƙa mayar wa juna. Kada a goge masa harshe da zuma: yaron da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwaya da ke shanye jikin jarirai.

Ƙarshen maganarmu ga maza ne, domin a gidajenmu namiji ne ke cefane. Mu ne ke shigowa da kwalin sukari da gwangwanin madara, mu mance da ganye da wake da kifi. Mu ne ke ba da izinin fita asibiti ko mu hana. Mu ne kuma ke saurin fushi idan mace ta ce ba ta da lafiya, alhali zafi take ji na gaske. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ake faɗa, amma kuɗin gwaji da na mota zuwa Marwa daga aljihun maigida suke fita. Abin da aka kashe wa matar nan a haɗi da kafso cikin shekara biyu ya ninka kuɗin gwajin da ya gano ciwonta sau da yawa. Kuma ciwon suga bai san mace ko namiji ba. Wanda zai kai matarsa, ya miƙa nasa yatsan a ɗiga.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Muna ba limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin mata shawarar su nemi ma'aikatan lafiya na gunduma kafin ranar ta zagayo, a shirya zama guda a unguwa, mace ta yi wa mata bayani da Hausa, a auna duk wanda ya yarda. Zauren dattijo a buɗe yake ga wanda ke son a rubuta takardar neman hakan, alƙalami kuma yana hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya rufa asirin gidajenmu, Ya sa albarka a abin da muke ci.